Tudun Tara na Ƙasar Ayilan: Tambayoyi da Amsoshi

Tudun Tara yana cikin wuraren da mutanen Ayilan suka fi ji da su, kuma yana cikin waɗanda baƙo ya fi saurin rainawa. An gaya masa cewa nan ne mazaunin manyan sarakuna, sai ya isa ya tarar da ciyawa, da tsibin ƙasa nan da can, da dutse guda a tsaye. A amsoshin da ke ƙasa an yi ƙoƙarin raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa idan ana zancen wurin: abin da aka tono daga ƙasa aka gani da ido, da abin da aka rubuta a littafi bayan ɗaruruwan shekaru, wani lokaci ma dubbai.

Ina ne Tara, kuma me mutum zai gani idan ya je?

Tana cikin gundumar Meath, a gabashin Jamhuriyar Ayilan, kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da Dublin, babban birnin ƙasar, a kan hanyar zuwa garin Navan. Sunanta a harshen ƙasar na asali Teamhair. Ba dutse ba ne irin wanda ake hawa ana haki. Dogon tudu ne mai kwanciya, tsayinsa bai kai mita 200 daga doron teku ba. Sai dai da yake ƙasar da ke kewaye da shi shimfiɗaɗɗiya ce, idan gari ya washe ido yana cin nisa ƙwarai ta kowace fuska, har a hango duwatsun da ke kudu da Dublin.

Babu bango, babu soro, babu ginshiƙi. Abin da ake gani shi ne ganuwoyin ƙasa masu zagaye waɗanda ciyawa ta lulluɓe, da ramuka, da tsibin kaburbura. Waɗanda ido ke iya gani sun haura 20, waɗanda suka nutse cikin ƙasa kuwa sun ninka haka. A gefe akwai wata majami'a da aka gina a wajajen 1822, da maƙabartarta, da mutum-mutumin Waliyyi Patrick, wanda ake danganta yaɗuwar Kiristanci a Ayilan da shi. Daga ƙasa da wuya mutum ya gane siffar wurin. Hoton da aka ɗauka daga sama, musamman da hantsi ko da yamma lokacin da inuwa ta yi tsawo, shi ne ke fito da zagayen tiryan-tiryan.

Mene ne ya fi tsufa a wurin?

Cikin abubuwan da ake gani, kabari ne. Ana kiransa Dumha na nGiall, wato Tsibin Mutanen Garkuwa, kuma an gina shi fiye da shekara 5,000 da suka wuce, a wajajen shekara ta 3200 kafin Miladiyya. Ke nan ya girmi manyan dalolin Giza na Masar da ɗaruruwan shekaru. Ƙaramin abu ne: tsayinsa kimanin mita 3, da ɗan gajeren lungu da aka yi da manyan duwatsu, wanda aka raba gida uku. A kan ɗaya daga cikin duwatsun, hagu da mai shiga, akwai zane-zanen da aka sassaƙa, da'ira cikin da'ira da ƙananan ramuka. Ƙofar tana da ƙyauren ƙarfe a yanzu, sai dai mutum ya durƙusa ya leƙa.

Farfesa Seán P. Ó Ríordáin ne ya fara tona shi a 1955 da 1956. Ya rasu a 1957 bai gama ba, sai Ruaidhrí de Valera ya ƙarasa a 1959. Cikakken rahoton aikin bai fito ba sai 2005, a hannun Muiris O'Sullivan. Abin da aka samu ya ba kowa mamaki, domin ɗan wurin nan ya ɗauki ragowar mutane ɗaruruwa, yawancinsu an ƙona gawarsu kafin a zuba ƙasusuwan ciki, tare da tukwanen ƙasa, da duwatsun ado, da tsinken ƙashi.

Kuma ba a daina binnewa a nan ba bayan maginan sun shuɗe. A zamanin tagulla, da lungun ya cika, sai aka koma haƙa jikin tsibin ana sa matattu. Wanda aka fi ambata shi ne wani saurayi ɗan shekara 14 ko 15, wanda aka binne kusan shekara 1,500 bayan gina kabarin. Shi ba a ƙona shi ba. An kwantar da shi a takure, a wuyansa akwai abin wuya na tagulla da baƙin dutse da duwatsun ado da ba na yankin ba, ga wuƙa a kusa da shi. Ɗan babban gida ne, babu tantama. Abin lura shi ne danginsa ba su san waɗanda suka gina kabarin ba, watakila ma ba harshe ɗaya suke yi ba, amma suka ga nan ne ya dace da shi. Wannan ɗabi'a, ta kowane zamani ya zo ya jingina kansa da matattun da ya tarar, ita ce tarihin Tara gaba ɗaya.

To su wane ne aka yi garkuwa da su, da har aka sa wa kabarin wannan suna?

Sunan ya zo ne bayan kabarin ya yi shekaru dubbai. A tsarin sarautar Ayilan ta da, idan ƙaramin sarki ya yi mubaya'a ga babba, yakan ba da 'ya'yansa ko 'ya'yan manyan fadawansa su zauna a hannun babban, a matsayin jinginar alkawari. Marubutan baya da suka ga tsibin sai suka danganta shi da wannan al'ada. Maginan ba su da masaniyar wannan zance.

Haka kusan duk sunayen wurin suke. Sun fito ne daga wani tsohon rubutu mai bayanin asalin sunayen wurare, Dindshenchas, wanda ɓangarensa na Tara ya samo asali a wajajen ƙarni na 11. A 1839 masanin tarihi George Petrie ya wallafa nazarin da ya ɗauki waɗannan sunaye ya ɗora kowanne a kan tsibi ko ganuwar da ya ga ta dace da shi, kuma su ake amfani da su har yau. Don haka in an ce “Gidan Cormac” ko “Zauren Liyafa”, a riƙe cewa laƙabi ne, ba shaida ba.

Gaskiya ne rana tana shiga kabarin a wasu ranaku na musamman?

Gaskiya ne. Lungun yana fuskantar inda rana ke fitowa a farkon Nuwamba da farkon Fabrairu, kuma a waɗannan kwanaki haske yana kaiwa har ƙuryarsa. Lokutan sun yi kusa da bukukuwa biyu na tsohuwar kalandar ƙasar: Samhain, farkon hunturu, wanda daga gare shi bikin Halowin ya samo tushe, da Imbolc, farkon bazararsu. Amma lungun gajere ne, hasken da ke shiga ba sai an auna shi da kyau ba, saboda haka masana sun fi taka-tsantsan a nan fiye da Newgrange, wani babban kabari mai lungu irin wannan a gundumar Meath. Can, a gaɓar kogin Boyne, lungun ya kai mita 19, kuma maginan sun bar wata taga ta musamman a saman ƙofa don hasken ranar da ta fi kowace gajarta a Disamba. Wannan babu mai musun cewa da gangan aka yi.

Mutanen Kelt ne suka gina Tara?

Kabarin dai ba su ba ne. Manoman zamanin dutse ne suka gina shi, masu noman alkama da sha'ir da kiwon shanu, waɗanda binciken ƙwayoyin halitta ya nuna asalin kakanninsu daga yankin Anatoliya, Turkiyya ta yau. Harshen Kelt, wanda ya haifi harshen Ayilan, ya iso tsibirin bayansu da nisa. Manyan ganuwoyin zamanin ƙarfe kuwa ana iya danganta su da kakannin masu wannan harshe.

Akwai fada a Tara ko babu?

Fada irin wadda sarki ke kwana ciki da iyalinsa da dogarawansa, ga kasuwa ga unguwanni, har yau ba a tono shaidarta ba. Babban zagayen da ke saman tudun, Ráith na Ríogh ko Ganuwar Sarakuna, an yi shi a wajajen ƙarni na 1 kafin Miladiyya, kuma kewayensa ya kai kimanin kilomita guda. Ga abin da ya tona asirinsa: duk wanda zai yi ganuwa don yaƙi yakan haƙa ramin a waje, ya tara ƙasar a ciki, don maƙiyi ya faɗa rami kafin ya hau bango. A nan an yi akasin haka, ramin yana ciki, ganuwar tana waje. Ba don tare mahara aka yi ta ba. An shata iyaka ne tsakanin wuri mai alfarma da sauran duniya. Wasu masana ma suna ganin manufar ita ce a killace abin da ke ciki kada ya fito. A cikin ramin an sami ƙasusuwan mutane, da na dawakai, da na karnuka.

A tsakiyar zagayen akwai ƙananan zagaye biyu manne da juna kamar lamba 8, Forradh, wato Mazaunin Sarauta, da Teach Chormaic, Gidan Cormac. Shi ma tsohon kabarin yana cikin wannan ganuwa, an zagaye shi da gangan.

“Zauren Liyafa” kuwa, Teach Miodhchuarta, labarinsa ya fi daɗi. Ganuwoyi biyu ne a jere, tsawonsu kimanin mita 200, tsakiyarsu a lotse. Marubutan tsakiyar zamani sun ɗauka kufan wani ƙaton zaure ne, har suka zana taswirarsa a littattafai, ɗaya daga ciki na ƙarni na 12, suna nuna inda kowa ke zama: ga wurin alƙali, ga na mawaƙi, ga na maƙeri, ga na mai busa, kuma kowa da yankan naman da ya dace da matsayinsa, wani cinya wani ƙafa. Taswirar tana koya mana abubuwa da yawa game da yadda waɗannan marubuta suka ɗauki daraja da muƙami. Game da ganuwoyin kuwa ba ta koya mana komai. Masana a yau sun fi karkata ga cewa hanyar jerin gwano ce, wadda ake bi a hau tudun a ranar biki, ba ta taɓa samun rufi ba.

Daga 1992 wata cibiyar bincike ta gwamnati, Discovery Programme, ta shiga auna tudun, Conor Newman na jagorantar aikin, da na'urorin da ke gano abin da ke cikin ƙasa ba tare da an sa shebur ba. Cikin abin da suka gano akwai wani ƙaton zagaye mai siffar ƙwai, da ramuka jere a gefensa waɗanda ake ganin na manyan ginshiƙan itace ne. A sama babu alamarsa ko kaɗan. Yawancin gine-ginen Tara na itace ne, shi ya sa ba abin da ya rage sai gurbinsu.

Su wane ne “manyan sarakunan Ayilan” da ake cewa a nan ake naɗa su?

Al'ada ta ce sarakuna 142 ne suka yi mulki da sunan Tara. Jerin sunayen nasu aikin malaman Kirista ne na tsakiyar zamani, waɗanda suka so su nuna cewa tun fil azal tsibirin yana da sarki guda, mai laƙabin Ard Rí. A zahiri ƙasar ta kasu cikin ƙananan masarautu fiye da 100, kowacce da sarkinta. Sarautar Tara ita ce ta fi kowacce kwarjini, amma kwarjini ba mulki ba ne. Tun daga wajajen ƙarni na 6 ta zama ta zuriyar Uí Néill, suna karɓa-karɓa tsakanin reshensu na arewa da na kudu, kuma ikon kowane sarki bai wuce inda takobinsa ya kai ba.

Asalin sarautar ta addini ce. Ana ɗaukar sarkin Tara a matsayin mijin ƙasa, kuma bikin da ake kira Feis Temro tamkar ɗaurin aure ne tsakaninsa da allahiyar wurin, Medb. Yana da abubuwan da aka haramta masa, ciki har da kada rana ta fito ta same shi kwance a Tara. Ba a yarda ya kasance da naƙasa a jiki ba. Kuma an yi imani cewa idan ya yi adalci gona za ta yi kyau, shanu su yi nono, in ya yi zalunci ƙasa ta ƙi.

Labarin Cormac mac Airt ya fi kowanne nuna wannan. Wai tumakin wata mata suka shiga gonar sarauniya suka cinye mata wani ganyen rini mai ba da shuɗi. Sarki Lugaid mac Con ya yanke hukunci a ƙwace tumakin a madadin ɓarnar. Cormac, yana yaro, ya ce a'a: an aske gona, sai a aske tumaki, gashin ya zama diyya, domin ganye zai sake tohowa, gashi ma zai sake fitowa. Jama'a suka ce wannan shi ne hukuncin gaskiya, kuma ɗan sarki ne kaɗai zai iya yanke shi. Nan take ɓangaren gidan da aka yi hukuncin zalunci ya zame ya gangara. Duk wanda ya taɓa zama gaban dagaci ana shari'ar ɓarnar gona tsakanin manomi da makiyayi zai gane cewa yaron ya san abin da yake faɗa. Har yau akwai zagaye biyu a kan gangaren yamma da suka karkace, ana ce musu Claoin-fhearta, kuma su ake nunawa a ce ga gidan. A zahiri kaburbura ne da aka yi a kan gangare. Shi kansa Cormac, in ma ya rayu, a wajajen ƙarni na 3 ake sa shi, lokacin da ba a fara rubuta tarihi a ƙasar ba.

Dutsen nan da ake cewa yana ruri fa?

Lia Fáil ke nan, dutse mai kan mulmule da ke tsaye a kan Forradh, tsayinsa a sama da ƙasa ya ɗan haura mita guda. Tatsuniya ta ce Tuatha Dé Danann, allolin ƙasar na da, su suka zo da shi, kuma idan sarkin gaskiya ya taka shi yakan yi ruri a ji ko'ina. Daga sunansa aka sami Inis Fáil, laƙabin da mawaƙa ke yi wa Ayilan, wanda kuma ya shiga sunan jam'iyyar Fianna Fáil.

Inda yake yanzu ba nan yake da ba. A da yana kusa da tsohon kabarin, sai a 1824 aka matsar da shi don ya zama alamar kabarin waɗanda suka yi wa mulkin Birtaniya tawaye a 1798. Akwai kuma masu cewa na ainihin an kai shi Sikotilan tun da daɗewa, shi ne dutsen Scone, wanda ake naɗa sarakunan Sikotilan a kansa, da Sarkin Ingila Edward na I ya kwashe zuwa ƙasarsa a 1296, aka mayar wa Sikotilan a 1996. Binciken duwatsu bai goyi bayan wannan ba, domin dutsen Scone irin na yankin Scone ɗin ne.

Ya sha wuya a 'yan shekarun nan. A 2012 wani ya sassare shi da guduma a wurare 11. A 2014 aka kwarara masa fenti ja da kore. A 2023 aka fesa masa rubutun da ke cewa na jabu ne.

Me ya haɗa Waliyyi Patrick da Tara?

Labari ne da wani malamin Kirista mai suna Muirchú ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 7, kimanin shekara 200 bayan zamanin Patrick. Ya ce a daren Ista Sarki Lóegaire yana biki a Tara, kuma doka ta hana kowa kunna wuta kafin ta sarki. Patrick ya kunna tasa a wani wuri da ake hangowa daga Tara, wanda al'ada ta ce tudun Slane ne, a shekara ta 433. Bokayen sarki suka ce in ba a kashe wutar nan a daren ba, ba za ta ƙara mutuwa ba. Aka yi ta gwada ƙarfi, Patrick ya yi rinjaye. A rubuce-rubucen Patrick guda biyu da suka rage bai ambaci Tara ba ko sau ɗaya. Muirchú ya kai labarin can ne domin in ana so a nuna sabon addini ya kayar da tsoho, sai a yi karon a cibiyar tsohon.

Yaushe aka bar wurin?

Sarki na ƙarshe da littattafan tarihi suka ce ya yi Feis Temro shi ne Diarmait mac Cerbaill, a wajajen 560. Wani labari na baya ya ce Waliyyi Ruadán ne ya tsine wa Tara saboda saɓani da wannan sarki, daga nan ta zama kufai. Gaskiyar ta fi haka sauƙi: Kiristanci ya kashe bikin, amma laƙabin bai mutu ba. Sarakuna suka ci gaba da amsa sunan “sarkin Tara” alhali gidajensu suna wasu wurare. A 980 Máel Sechnaill mac Domnaill ya ci 'yan Viking na Dublin, mayaƙan da asalinsu daga arewacin Turai ne, da yaƙi a kusa da Tara. A 1002 ya sallama wa Brian Boru, mutumin kudu wanda ba ɗan Uí Néill ba, kuma wannan ne ya karya tsohon tsarin. Bayan an kashe Brian a yaƙin Clontarf a 1014 Máel Sechnaill ya koma kan matsayinsa har rasuwarsa a 1022.

Da gaske an taɓa tona Tara ana neman Akwatin Alkawari?

Da gaske ne, kuma ita ce ɓarna mafi muni da aka yi wa tudun. Tsakanin 1899 da 1902 wata ƙungiya mai aƙidar cewa Turawan Birtaniya jikokin ɓatattun ƙabilun Bani Isra'ila ne ta sa a ranta cewa Akwatin Alkawari, Tabutun nan da aka ambata a Suratul Baƙara, yana binne a Tara. Wai wata gimbiya ce ta zo da shi daga Gabas. Mai filin ya ba su izini, suka shiga haƙa wani zagaye mai suna Ráith na Seanadh, ba awo ba rubutu, suna watsar da ƙasa duk inda suka ga dama. Masu kishin ƙasa suka tashi tsaye, ciki har da Arthur Griffith, da Maud Gonne, da marubuci W. B. Yeats, da Douglas Hyde wanda ya zama shugaban ƙasa na farko a 1938. Daga bisani aka dakatar da aikin. Akwati dai ba a gani ba, kuma har yau wannan ɓangare a dagule yake kamar inda aka haƙi ƙasar gini.

Abin takaicin shi ne wurin yana da abin faɗa. Da Ó Ríordáin ya tona ragowar a 1952 da 1953, ya sami kaburbura, da gurbin gine-ginen itace, da kayan daular Rum: gutsattsarin gilashi, da tukwane, da kwaɗo. Rumawa ba su taɓa cin Ayilan da yaƙi ba, saboda haka kayan sun nuna masu zama a nan suna da hulɗa da Birtaniya ta ƙarƙashin Rum a ƙarnonin farko na Miladiyya.

Me ya sa 'yan siyasa da 'yan tawaye suke zuwa Tara?

Don dalilin da ya kawo dangin saurayin nan mai abin wuya. A ranar 26 ga Mayu 1798 dubban 'yan tawayen United Irishmen, ƙungiyar masu neman 'yancin Ayilan daga Birtaniya, suka ja daga a kan tudun. Wuri ne da ba shi da mafaka, kuma yawancinsu mashi ne a hannunsu, sojojin gwamnati kuwa da bindigogi har da igwa. An kashe musu mutum kimanin 350. Ta fuskar dabarar yaƙi zaɓin bai yi ba, sunan wurin ne ya ja su.

A ranar 15 ga Agusta 1843 Daniel O'Connell ya kira gangami a nan yana neman a soke dokar da ta haɗe Ayilan da Birtaniya tun 1801. Alƙaluman da aka bayar sun sha bamban, daga rabin miliyan zuwa miliyan guda, kuma ko an rage an rage, taro ne na dubban ɗaruruwa, ba lasifika, ba mota. An watse lafiya. Bayan wata biyu gwamnati ta haramta gangamin da ya shirya a Clontarf, ya janye, aka gurfanar da shi.

Mene ne rikicin hanyar M3?

Gwamnati ta so ta yi babbar hanyar mota daga wajen Dublin zuwa Navan da Kells, saboda cunkoson masu zuwa aiki birni kullum. Hanyar da aka zaɓa ta ratsa kwarin da ke tsakanin Tara da tudun Skryne. Hukuma ta ce ai hanyar ta fi kilomita 2 daga saman tudun, ta ma fi tsohuwar nisa. Masana da dama, ciki har da waɗanda suka auna wurin, suka ce Tara ba saman tudu kaɗai ba ce, kwarin ma cikinta yake. Aka je kotu, aka yi zaman dirshan, mawaƙi Seamus Heaney ya yi tir da aikin.

A 2007 masu tono gaban aikin suka gano wani wurin ibada na zamanin ƙarfe a Lismullin, zagayen ginshiƙan itace mai faɗin kimanin mita 80, daidai kan layin hanyar. An amince cewa kayan tarihi ne na ƙasa, amma minista Dick Roche, a ƙarshen zamansa a ma'aikatar, ya sa hannu a tona shi, a rubuta komai, a wuce da hanya ta kansa. An buɗe M3 a Yunin 2010. Mutanen Meath suna buƙatar hanya, wannan ba ƙarya ba ne. Amma akwai wasu layukan da aka duba aka bari, kuma a ganina da an ɗauki ɗayansu da ba a yi asarar da ba ta gyaruwa ba.

Tara tana cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO?

Ba ta shiga ba tukuna. Manyan kaburburan Newgrange da Knowth da Dowth, a ƙarƙashin sunan Brú na Bóinne, sun shiga tun 1993. Tara tana jerin jira tun 2010, aka sabunta a 2022, tare da sauran mazaunan sarauta na da: Rathcroghan, Dún Ailinne, Cashel, da Uisneach, ana kuma fatan haɗawa da Emain Macha da ke Ayilan ta Arewa.

Ana biyan kuɗin shiga? Yaushe ya fi kyau a je?

Hawa tudun kyauta ne, kuma a buɗe yake duk shekara. Filin na gwamnati ne, kimanin eka 100, Ofishin Ayyukan Jama'a ke kula da shi. Tsohuwar majami'ar ita ce cibiyar baƙi, tana aiki a watannin zafi, kuma a lokacin ake samun masu zagayawa da mutum suna bayani. Ba tare da su ba, ko aƙalla taswira a hannu, mutum zai yi ta taka tarihi bai sani ba. A sa takalmin da ba ya jin ruwa da rigar sanyi ko da rana ta fito, don iskar wurin ba ta da sabo. An hana tono, da kunna wuta, da yawo da na'urar neman ƙarfe. A wajajen 21 ga Yuni, ranar da ta fi tsawo, da kuma lokacin Samhain, wurin yakan cika da masu raya tsofaffin al'adu, mai son shiru sai ya kauce wa waɗannan ranaku.

Ina kayan da aka samu a Tara suke?

Suna Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Kildare a Dublin, shi ma shiga kyauta ne. A can za a ga manyan ƙawanyoyi biyu na murɗaɗɗiyar zinariya da aka tsinta a tudun a 1810, waɗanda aka ƙera a wajajen 1200 kafin Miladiyya. Girmansu ya wuce na wuya, sai dai ƙugu.

A ɗakin da ke kusa akwai abin da kowa ke tambaya, fil ɗin maƙale mayafi da ake kira na Tara, aikin azurfa da zinariya na wajajen ƙarni na 8, mai ado gaba da baya, siririn aikin da sai an sa gilashin ƙara girma ake ganin wasu sassansa. Ba a Tara aka same shi ba. An tsince shi a 1850 kusa da Bettystown, a bakin teku, ya faɗa hannun wani mai sayar da kayan ado a Dublin, George Waterhouse, wanda ke ƙera kwafinsa yana sayarwa. Shi ne ya laƙaba masa sunan Tara don kasuwa ta yi kyau.